Jinjina ga Sababbin Mahaya Keke

A jinjina wa samarin nan da magidanta da suka rungumi keke don motsa jini, ba don rashin abin hawa ba. Da safiyar Asabar, bayan an zaga gari, sai a jingine kekuna a teburin mai shayi, hira ta ɓarke. Wani cinyoyinsa ke ciwo, nan take a ce masa sirdinsa ya yi ƙasa, ya ɗaga shi. Wani kacarsa ke kuka: a wanke ta, a ɗiga mata mai kaɗan, don yawan mai ƙura yake kwasowa, balle da hunturu. Ba mai raina tambayar wani, abin da ya fi burge ni ke nan. Mai keke a jingine a zaure, duba birki, ba taya iska, ka same su.