Yadda Alƙalan Ɗaukaka Ƙara a Ingila Ke Auna Jinkiri da Gyaran Hali

A Ingila, wanda babbar kotun laifuka ta yanke wa hukunci yana da kwana 28 ya nemi izinin ɗaukaka ƙara. Alƙali guda ke fara duba takardun. In ya ga akwai abin dubawa, sai maganar ta je gaban alƙalai biyu ko uku a Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Landan. Tambayarsu ita ce: hukuncin ya yi tsanani fiye da kima, ko kuwa an ɗora shi a kan kuskuren ƙa'ida?

Kayan aikinsu takardu ne. Akwai bayanin da alƙalin farko ya yi ranar hukunci, da kundin jagora na Majalisar Tsara Hukunci da aka kafa a 2010, da rahoton jami'in sa ido, wato ma'aikacin da ke bibiyar halin mai laifi a cikin gari.

Gwanintar tana farawa ne daga jera ranaku: ranar laifi, ranar kamu, ranar tuhuma, ranar hukunci. Malalaci zai ƙirga shekarun kawai ya ce an daɗe, a yi rangwame. Gwanin alƙali kuwa giɓi-giɓi yake bi, kamar tela mai bin ɗinki da yatsa. Wa ya jawo wannan jinkirin? In mai laifin ne ya gudu ya ɓuya, ba shi da abin nema. In fayil ne ya kwanta a ofishin masu gabatar da ƙara, an sami abin aunawa. In kuma musanta laifin ya yi har aka kawo shaidu, ba a ɗora masa alhakin jinkirin, don haƙƙinsa ne. Daga nan sai a duba ko jiran ya cutar da shi da gaske.

Sai babbar tambaya: me ya yi da lokacin? A nan daɗin bakin lauya ba ya nauyi. Hujja ake nema, irin su takardar wurin aiki, da shaidar barin ƙwaya, da shekarun da suka wuce ba a sake kama shi ba.

Dubi shari'ar da lauyoyi ke kira ta Ali. Fursuna ne da ya watsa wa ganduroba ruwan zafi a 2019. Ba a tuhume shi ba sai bayan fiye da shekara guda, lokacin har ya gama zaman farko ya fito. A farkon 2023 aka ɗaure shi wata shida. Alƙalan ɗaukaka ƙara suka yarda laifin ya cancanci ɗauri, don taɓa ma'aikaci a bakin aiki ba ƙaramin abu ba ne. Sannan suka ɗora jinkirin a ma'auni, da kyakkyawar shaidar jami'in sa ido, da cunkoson gidajen yari a lokacin. Ba su rage ko kwana ɗaya daga wata shidan ba. Sai suka mayar da shi ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 18: ya koma gida, amma in ya sake laifi a cikin wa'adin, kotu na iya tura shi ya yi zaman.