Kowane Yaro Da Tasa Kwamfuta

A cikin shekarar 2005 wani shaihin malami na jami'ar MIT ta Amurka, mai suna Nicholas Negroponte, ya fito da wani shiri da a ke kira One Laptop per Child, watau kowane yaro da tasa kwamfuta. Nufinsa a ƙera 'yar ƙaramar kwamfuta mai ƙwari, wadda kuɗinta ba zai wuce dala 100 ba, a raba wa 'yan makaranta a ƙasashe matalauta. Niyyar kyakkyawa ce, ba mai musun wannan. Amma an kafa shirin bisa zaton cewa in aka danƙa wa yaro na'ura zai koya wa kansa ilmi, ko da malaminsa bai ƙware ba. A nan kuskuren ya ke.

Ƙasar Peru ta sayi kwamfutocin nan dubu ɗaruruwa, ko da ya ke kuɗin kowace ɗaya ya tasam ma ninki biyu na abin da aka alkawarta. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bayyana binciken da aka yi a makarantun firamare 319 na ƙauyukan ƙasar. Bayan wata 15 yara sun iya sarrafa na'urar, basirarsu kuma ta ɗan ƙaru. Wannan abin yabo ne. Amma wajen lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su kome ba, alhali kuwa domin waɗannan biyu iyaye ke kai 'ya'yansu makaranta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya san allo guntun katako ne kawai. Abin da ke mai da shi makaranta shi ne malamin da ke biya wa almajiri, ya saurari haddarsa, ya gyara masa, sa'an nan ya ce ya wanke. Malaman Peru kuwa horon 'yan kwanaki aka yi musu, yawancinsu suka ci gaba da koyarwa yadda suka saba.

Saboda haka duk hukumar da ke shirin sayen na'urori, ya kamata ta fara ƙidaya malamanta, ta horar da su, ta biya su a kan kari, kana ta nemi ɗan kwangila. Allah ya sa a gane.