Wanda Bai Nutsa a Maldif Ba, Bai Ga Maldif Ba

Duk wanda ya je Maldif ya kwanta a ɗakin katakon nan da ake kafawa a kan ruwa, ya ɗauki hoto ya ɗora a Instagram, ya juyo gida, to ya yi asarar kuɗin jirginsa. Na faɗa, kuma ba zan janye ba. Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a Tekun Indiya, kuma babu ƙasar da ta kai ta zama ƙasa-ƙasa a duniya, don a matsakaici tudunta bai wuce mita ɗaya da rabi sama da teku ba. Allah bai ba su tsauni a sarari ba, sai Ya ɓoye musu tsaunukansu da kwazazzabansu a cikin ruwa. Sai ka goya tukunyar iska, ka sa tabarau, ka dira daga kan doni, jirgin ruwansu na katako, sannan za ka ce ka iso.

Ni fa Maaya Thila ce ta gama da ni. Wani tsauni ne na murjani a yankin Ari ta Arewa, kansa yana kamar mita shida ƙasa da saman ruwa, gindinsa ya gangara zuwa mita 30. Da rana ma abin kallo ne: kififiya na kiwo abinta, kifaye shuɗɗa da rawaya sun yi cincirindo a bakin koguna. Amma a bar ta sai bayan magariba. Ka sauka cikin duhu da tocila a hannu, ba ka jin komai sai numfashinka, kwatsam wurin ya rikiɗe ya zama Kasuwar Kurmi ana jajibirin salla, kowa na sauri, kowa da abin da ya fito nema. Kifayen shak masu farin tabo a bakin fiffike, waɗanda suka wuni kwance a ƙarƙashin duwatsu, su fito farauta suna cusa kai cikin kowane rami. Wasu manyan kifaye masu wayo su biyo hasken tocilarka, duk ƙaramin kifin da ka haska, kafin ka ƙifta ido an yi gaba da shi. Subhanallah! Ma'aunin iska zai ce maka lokaci ya yi, zuciya ta ce a ƙara minti biyar.

Na san mai karatu ya riga ya ce, shak kuma? Kwantar da hankalinka. Waɗannan ba ruwansu da ɗan Adam, su ne ma ke kauce maka. Tun 2010 da Maldif ta hana kamun shak a ruwanta suka samu sarari, shi ya sa a wuri irin Fish Head, wanda a da masunta ke zuwa kama su, yanzu su ne ke zagaye baƙi cikin isa.

Sai kuma kandu, wato mashigar da ruwan teku ke bi ya shiga cikin da'irar tsibirai. Nan ake sanin gwani. A Fotteyo Kandu da ke yankin Vaavu, ruwa na ja da ƙarfin da ba ka isa ka yi gardama da shi ba. Sai ka sauka bakin gaɓar, ka maƙala ƙugiya a jikin mataccen dutse, igiya ta riƙe ka kana lilo, shak masu ruwan toka suna shawagi a gabanka ko motsin kirki ba sa yi. In jagora ya ba da alama, a saki ƙugiya, ruwa ya kwashe ku ya wuce da ku ta gaban koguna da murjani mai laushi ya lulluɓe, rawaya da ja da shunayya. Wallahi ban san wani wasa a doron ƙasa da ya kama ƙafar wannan ba.

Kifin manta kuwa, wannan mai faffaɗan fiffiken da faɗinsa kan haura mita uku, shi ne ya fi shiga raina. A Lankan, kusa da Male babban birnin ƙasar, akwai wani dutse da suke zuwa wanka. Su tsaya cak a kansa, baki buɗe, wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye su shiga suna tsince musu ƙwari daga fata da maƙogwaro. Wani na gamawa wani na jira, babu ture-ture. Kai dai ka durƙusa a gefe kada ka kusanci dutsen. In ka natsu, shi da kansa zai zo ya gifta ta saman kanka, ya kalle ka da ido ɗaya. A Hanifaru da ke yankin Baa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2011, sukan taru da yawan gaske tsakanin Yuni da Nuwamba, lokacin da igiyar ruwa ke tara musu abinci a lungun. A can an hana shiga da tukunya, sai dai iyo a saman ruwa da bututun shaƙar iska, kuma na goyi bayan wannan doka ɗari bisa ɗari.

Ga kuma fehurihi, kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, wanda ba ya cin komai sai ƙananan halittun ruwa. Ana samunsa duk shekara a gaɓar Ari ta Kudu, wajen Dhigurah da Maamigili. Anan ne kawai nake da ƙorafi: wani lokaci jirage kan yi masa yawa, mutane su zubo masa a ka har ya gaji ya nutse. Masu taurin zuciya kuma sai su gangara Fuvahmulah, can kudu da layin da ya raba duniya biyu, inda shak mai zane-zane a jiki ke zuwa bakin tashar jiragen ruwa saboda ragowar kifin da masunta ke zubarwa. Wannan ba na ɗan koyo ba ne. Masu son tarkacen jirage suna da Maldive Victory da ya nutse a 1981 dab da filin jirgin sama, da British Loyalty a Addu, tankar man Ingila ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ba a rasa tabo ba. Ɗumamar ruwa a 1998 da 2016 ta kashe murjani mai yawa, kuma a wasu wuraren marasa zurfi har yau za ka ga fari fat ko toka-toka inda a da launi ne. Barazanar ɗumamar yanayi ta dame su har shugabansu na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a 2009 don duniya ta waiwaye su.

Abin da ya ƙara min son ƙasar shi ne Bahaushe ba baƙo ba ne sosai a nan. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano da Katsina, da yawansa daga waɗannan tsibiran aka kwaso shi. Mutanen Musulmi ne tun ƙarni na 12, Ibn Battuta ma ya yi alƙalanci a cikinsu. Tun da aka ba mazauna tsibirai izinin buɗe masaukin baƙi a 2009, ba dole sai otal na miliyoyi ba. A tsibiri irin Maafushi ko Dhigurah za ka ji kiran salla sau biyar, babu giya, abinci halal, ka karya da mas huni, wato kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, a haɗa da gurasarsu roshi.

Wanda bai taɓa nutso ba, in dai ya iya iyo, kwana uku zuwa huɗu sun ishe shi ya samu takardar farko da ke ba shi damar sauka mita 18. Dokar ƙasar ta tsayar da masu nutson nishaɗi a mita 30. Ruwan da ɗumi duk shekara, ya fi haske daga Janairu zuwa Afrilu. A kiyaye abu biyu: kada a riƙe numfashi yayin hawowa, kuma a bar kwana guda tsakanin nutson ƙarshe da shiga jirgin sama.

Don Allah, duk wanda Allah Ya hore masa, a bana ya ɗaga wa Dubai ƙafa. Ya koyi iyo tun daga gida, ya nemi tikitin Male, kuma ya tabbata an sa masa Maaya Thila ta dare a cikin jadawali.