Kun Iya Karatu, To Mi Za Ku Karanta?

Jama'ar Arewa, daga Dogondutsi har Tibiri, da yawa cikinku sun gama ajin yaƙi da jahilci. Amma karatu kamar hauya ne, in an aje shi sai ya yi tsatsa. Ga waɗansu littattafai na Hausa, yawancinsu an buga su a Zariya. Ba tatsuniya ba ne, labarin abin da ya faru ne.

Ku fara da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1944. A lokacin Imam shi ne editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943 ya shiga jirgin ruwa daga Ikko zuwa Ingila, tare da waɗansu 'yan jarida na Afirka ta Yamma. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jirage cikin wannan teku. Mu nan, babban ruwanmu tabki ne na damina cikin Dallol Mauri. Imam ma ɗan tudu ne kamarmu. Shi ya sa bayaninsa ke shiga kunne: abin da zai ba ku mamaki, shi ma ya ba shi. Hausarsa mai daɗi ce, ana iya karanta ta da ƙarfi a dandali.

Mai son labarin yaƙi ya nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu ne da aka fassaro daga Larabci. A ciki akwai tarihin sarakunan Kano. Nan za ku ji cewa Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Sai dai ku karanta da lura. Malaman fada suka rubuta shi. Suna ƙidaya sarakuna da dawaki da garuruwan da aka ci. Manomin da aka ƙone wa rumbu, ba a cika tuna shi ba.

Kuma kada ku nemi yaƙin Lugu a ciki, babu shi. A watan Afrilu na 1899 Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare sojan Voulet da Chanoine a Lugu, nan ƙasarmu. Abin da aka rubuta a kai, yawanci da Faransanci ne. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ƙagaggen labari ne, ya ƙara gishiri. Na Marc-Henri Piault, Histoire Mawri, na 1970, daga bakin tsofaffin Arewa aka ɗauko shi. Wanda ke da ɗa a lakkol ya sa ya fassara masa, sa'an nan ya gwada da abin da kakansa ya faɗa.

Zaman Mutum da Sana'arsa yana bayanin sana'o'i da al'adun Hausawa. Manomi zai ga inda aikinsa ya yi daidai da na mutanen gabas, da inda ya saɓa.

Wajen addini, Ibada da Hukunci na Haliru Binji ya ishi mai farawa: alwala, salla, azumi, dalla-dalla. Fassarar Alƙur'ani ta Abubakar Gumi, ta 1979, tana da nauyi ga sabon hannu, gara a karanta ta gaban malami.

Hausar littattafan nan ta gabas ce. Inda muke cewa hwari, za ku ga an rubuta fari. Kwana biyu ido zai saba.