Ina Ƙwaryar Amada Ta Shiga?

A wannan karon ina so mu tattauna a kan abin da yake cinye mana ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi a birnin Kano, wato biki, musamman ma irin kiɗan da ake yi mana a wurin bikin.

Kowa ya san cewa mace a garin nan ba ta da wata fitar shaƙatawa da ta wuce biki. E, akwai Gidan Zu, akwai Gidan Makama, akwai Dutsen Dala, to amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne muke leƙa waɗannan wurare in ba da Sallah ba, ko kuma in an yi baƙi? Biki ne maigida yake barinmu mu je ba tare da dogon bayani ba, a nan muke ganin dangi da ƙawayen makaranta, a nan muke sauke gajiyar mako. Tunda haka ne, ashe ya kamata mu duba ko abin da ake ba mu a can ya kai kuɗin anko da kuɗin mota da muke kashewa.

Ki dubi dinar yanzu. A kama zauren taro da kuɗi masu yawa, a jera kujeru da fitilu, a ɗauko mai sa kiɗa, wanda ake kira DJ, ya kafa sifikokinsa kamar zai tashi unguwa. Za ki zauna kusa da ƙanwar mahaifiyarki wadda kika shekara ba ki gani ba, amma ko gaisuwar kirki ba za ku yi ba, sai dai ki ga bakinta yana motsi ki gyaɗa kai. Tsofaffi kuwa tun kafin a raba abinci sun nemi takalmansu, wai kansu na sarawa. Bikin da ya kori kakar amarya, don Allah bikin wa ke nan?

Sai kuma ita waƙar amaryar. An kai sunan amarya da na ango situdiyo, an biya, an dawo da waƙa. Ban ce ba daɗi ba. Tun wajajen 1999 zuwa 2000 da fim ɗin Sangaya ya yi tashe, kiɗan fiyano ya shiga jinin matasa, kuma cikin mawaƙansa akwai masu murya da hikima, irin su Ali Jita da Fati Nijar, ba mai musun wannan. Abin da nake suka shi ne yawancin waƙoƙin da ake kawo mana duk kanwar ja ce. Amarya kyakkyawa ce, ango mai kuɗi ne, maƙiya su mutu, shi ke nan. Ki cire sunan wannan amarya ki sa na waccan, wallahi ba abin da zai canja. Yarinya za ta shiga ɗakin miji gobe, amma a cikin waƙar da aka yi dominta babu kalma ɗaya da za ta tuna ranar da rai ya ɓaci.

To ki kwatanta da kiɗan ƙwarya, wanda ake kira amada. Kayan aikinsa duk na cikin gida ne: ƙore ne ake kifewa, wata a ƙasa, wata a kan ruwan da aka zuba a baho ko masaki, shi ya sa take ba da amo mai zurfi in an buga ta da 'yan sanduna. Ba ruwansa da lantarki balle janareta. Mata ne makaɗa, mace ce zabiya, mata ne 'yan amshi, a tsakar gida ake yi, maza suna waje. Saboda haka matar aure mai kunya ma tana iya ɗaura gyale a ƙugu ta taka, a rangaɗa mata guɗa, ba ta fargabar gobe za ta ga kanta a wayar wani ƙato.

Amma babban abin shi ne maganar da ke cikin waƙar. Marigayiya Barmani Choge, mutuniyar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta nan Kano, da ire-irensu, abin da ke damun mace suke waƙewa: zaman kishi, zafin naƙuda, miji marowaci, da kuma illar zama ba sana'a. Barmani ta sha yi wa mata faɗa a kan su kama sana'a ko da ta ƙuli-ƙuli ce, kuma da yake cikin raha take yi, sai faɗan ya shiga. Ana dariya ana tafi, amarya tana lulluɓe tana ɗaukar karatu. Zabiya kuma idonta na kan jama'a, in ta ga uwar ango ta shigo ta san abin da za ta faɗa, in ta ga wata ta ɓata rai ta san yadda za ta tsokane ta. Na'ura ba ta ganin kowa.

Kada a ce na rufe ido a kan aibin amada. Akwai baitocin da batsarsu ta yi yawa, waɗanda ba su dace da kunnen yara ba, akwai kuma habaicin da yake rura wutar gaba tsakanin kishiyoyi, shi ya sa wasu iyaye da malamai suka ƙyamace shi. Wannan gaskiya ne. To amma in kaza ta sa baki a tuwo, wurin ake yankewa, ba a zubar da malmalar gaba ɗaya. Uwar biki tana iya gaya wa zabiya iyakarta tun kafin a fara. Kuma wanda ya ce ya guji amada don kunya, ya koma ya haɗa maza da mata a fili ɗaya ana rawa ana ɗauka a waya, anya kuwa bai gudu daga ruwa ya faɗa wuta ba?

Ga kuma zancen liƙi. A da ma ana yi wa zabiya kyauta, kowa daidai ƙarfinta, wata kuɗi, wata turmin atamfa. Yanzu kuwa sai a kira mutum da suna a lasifika ya fito ya nuna aljihunsa, marar shi ta noƙe a kujera kamar ta yi sata. Da yawa ma ba su san cewa dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki ba, har da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000, ko duka biyun.

Shawarata ba mai tsada ba ce. Ban ce a daina dina ba, mai hali ya yi abinsa. Amma cikin kwanakin nan uku, a ware mana yini ɗaya, ko ranar kamu ko ta yinin biki, a ce na mata ne zalla. A nemo masu ƙwarya, don har yanzu ba su ƙare ba, a ajiye wayoyi a jaka, a kawo waina da miyar taushe da alkaki, a bar tsofaffi su zauna a gaba. Ke budurwa, ki matsa kusa ki koyi amshi da guɗa, domin wata rana ke ce uwar biki.

Allah Ya ba amarenmu zaman lafiya, Ya kai 'yanmatanmu ɗakunansu da mutunci, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.