Isharar Bebe: Kariya ga Finafinan da Ba Su Magana

Wani matashi mai ilmin zamani, wanda muka haɗa kujera da shi a motar Maradi zuwa Gazawa, ya tsaya kai da fata a kan cewa finafinan da aka yi kafin majigi ya koyi magana nakasassu ne, kuma labaransu ba su wuce tatsuniyar yara ba: jaririn da aka tsinta a bola, budurwar da mai dukiya ya yaudara, talakan da ɗan sanda ke kora. Ya sauka a Agye ban ba shi amsa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin hukunci ne da ake yanke wa wannan fanni ba tare da an saurari hujjarsa ba.

Tarihin gajere ne. A 1895 ƴan'uwan nan biyu, su Lumiyar, suka fara nuna hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a Paris, a 1927 kuma fim ɗin The Jazz Singer ya buɗe baki a Amurka, daga nan kasuwar ta juya. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebe na ƙasar sun salwanta, saboda abin da ake ɗaukar hoton a kansa yana ruɓewa, yana kuma cin wuta. Game da labaran kuwa, abokin tafiyata bai yi ƙarya ba. The Kid na Chaplin, wanda Faransawa ke kira Sharlo, a 1921, labarin tsintacce ne. Way Down East na Griffith a 1920 labarin yarinya ce da aka yi wa auren ƙarya, aka kore ta cikin sanyi. To amma maraya da kishiyar uwa da auren dole su ne jarin finafinan Kano har yau, ba wanda ya kira su bebaye. Malaman balaga ba su taɓa auna mai magana da sabuntar ƙissarsa ba, da hanyar bayaninsa suke auna shi, kuma sun ɗaukaka ijazi, wato tara ma'ana mai yawa cikin lafazi kaɗan. Malaman fikihu ma sun zartar da cewa isharar bebe, muddin ana fahimtarta, tana tsayawa matsayin lafazinsa a ciniki da aure da saki.

Dabarar da na fi ƙauna ita ce ɗora nauyin labari a kan abu ɗaya da ido ke gani, kuma ban san wanda ya kai Murnau, Bajamushe, gwaninta da ita ba, a fim ɗinsa na 1924 mai suna Der letzte Mann, ma'ana mutum na ƙarshe. Emil Jannings ya fito a matsayin tsohon mai tsaron ƙofar wani babban otal, sanye da doguwar riga mai maɓallai masu ƙyalli, wadda saboda ita unguwarsu ta talakawa take gaishe shi kamar basarake. Ranar da ya sauke wani ƙaton akwati cikin ruwan sama, ya zauna ya ɗan huta, sai manaja ya hango shi ya rubuta wani abu a littafinsa. Kashegari da ya zo, ya tarar da wani a tsaye a wurinsa, cikin riga irin tasa. Da aka zo cire masa rigar, wani maɓalli ya tsinke ya faɗi ƙasa, mai ɗaukar hoto ya bi shi da kallo, kuma daga wannan lokaci bayan tsohon ya tanƙware. Aka miƙa masa farar taguwa da tawul, ya gangara matakala zuwa makewayin baƙi. Ya sace rigar da dare don ya halarci bikin aure a gidansu da mutuncinsa, da safe ya kai ta ajiya a tashar jirgin ƙasa, har asiri ya tonu, fuskokin maƙwabta suka cika majigin da dariya. Duk wanda ya taɓa ganin dogari da jan rawaninsa a ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri, ya kuma san abin da kalmar tuɓewa ke nufi a ƙasarmu, ba ya bukatar tafinta a nan. Katin bayani ɗaya tak aka sa a fim ɗin, shi ne ya shigo da ƙarshen farin ciki inda tsohon ya gaji dukiyar wani attajiri, kuma a ganina nan ne kaɗai aikin ya yi rauni, daidai wurin da aka nemi taimakon rubutu.

Ina da yaƙinin cewa mutanenmu su ne magadan wannan fanni, ko da ba su san sunansa ba. Can ƙetaren iyaka, motocin majigi na Turawan Ingila sun yi yawo a ƙasar Katsina da Kano, hoto na tafiya, mai sharhi na bayani da Hausa ta lasifika, kamar yadda Japanawa suke da nasu masu sharhin da suke kira benshi. Mu kuma nan mun shekara da shekaru muna kallon finafinan Indiya da na Sin ba mu jin ko kalma ɗaya, kafin masu fassara na Kano su ɗora musu Hausa, su cika kowane shiru da surutu, har ido ya yi lalaci. Na tuna wani gidan kallo a Gidan Rumji, kewaye da zana, injin wuta na ruri a baya, an biya dala biyar an zauna a benci. Jarumar ta tsaya a bakin ƙofa, ta kalli tsohuwar da ke zaune, ta sunkuyar da kai, ta ja gyalenta ta rufe goshi. Wani yaro da bai fi shekara goma ba ya juyo ya ce da ƙaninsa, uwar mijinta ce, ba ta son ta. Da aka kai ƙarshen kaset ɗin, haka abin ya kasance.