Zane Ba Magini: Sharhi A Kan Farfaɗo Da Adon Gidajen Hausa

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an ga wani yunƙuri na dawo da zanen gidajen Hausa, watau adon nan da magina kan fitar a fuskar zaure da kewayen ƙofa. Yau ana ganinsa a mashigar otal-otal, da ɗakunan taro, da allon da ake kafawa bayan ango da amarya ranar biki, har ma a jikin riguna da kwalayen kaya. Masu zane-zane, da matasan masana gine-gine, da masu sha'awar gargajiya su ne kan gaba a wannan aiki, kuma sun cancanci yabo. Sai dai yabo ba ya hana tambaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan farfaɗowa da ma'auni guda, watau ko abin da ake rayawa sana'ar ce, ko kuwa kamanninta kawai. Domin tambayar ta fito fili, za a fara da wani misali daga Amurka, sa'an nan a dawo ƙasar Hausa, a ƙare da ƙauyen Ƙofa na Ƙaramar Hukumar Kusada, maƙwabciyar Kankiya a Jihar Katsina.

2.0 Darasin "Tiki"

A wurin Maori, mutanen ƙasar Niyu Zilan, Tiki sunan mutumin farko ne a cikin labaran asalinsu, kuma da wannan suna ake kiran wasu sassaƙe-sassaƙe masu siffar mutum a tsibiran Tekun Fasifik. Jim kaɗan bayan an ɗage dokar hana giya a Amurka a 1933, wani mutum da ya yi suna da laƙabin Donn Beach ya buɗe mashaya a Hollywood, ya ƙawata ta da gora da kayan tsibiran. Victor Bergeron ya bi sahunsa da gidan Trader Vic's a birnin Oakland. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma zaman Hawai jiha ta Amurka a 1959, salon ya game ƙasar, har aka wayi gari ana shan abin sha a cikin kofuna masu siffar abin da wasu al'ummu ke girmamawa. A shekarun 1970 yayin ya wuce, aka rushe gidajen da yawa.

A shekarun 1990 wasu masu sha'awa suka tono shi. Otto von Stroheim ya fara fitar da 'yar mujallar Tiki News a 1995, Sven Kirsten ya wallafa The Book of Tiki a shekara ta 2000, aka kuma fara taron shekara-shekara na Tiki Oasis a 2001. Mai zane Josh Agle, wanda aka fi sani da Shag, ya mai da salon abin rataye a bango.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, abin da suka farfaɗo da shi ba al'adar mutanen tsibiran ba ce, kwaikwayon da Amurkawa suka yi mata ne. Watau kwaikwayon kwaikwayo ke nan, kuma a kan wannan ne 'yan asalin tsibiran suka yi ta sukar su. Na biyu kuwa, duk da wannan aibi, sun yi wa abin da suke so hidima ta gaske. Sun tattara hotuna da takardu, sun nemi tsofaffin masassaƙa irin su LeRoy Schmaltz na kamfanin Oceanic Arts, wanda aka kafa a 1956 aka rufe a 2021, sun ambaci sunayensu, sun sayi aikinsu. Ana jin tsoron masu farfaɗo da zanen Hausa su ɗauki aibin, su bar hidimar.

3.0 Zane A Hannun Magina

Zanen gidan Hausa ba fenti ba ne da ake shafawa bayan an gama gini, wani ɓangare ne na ginin kansa. Magini kan jera tubali, ya yi yaɓe, sa'an nan ya fitar da zanen da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Daga nan a kare bangon daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko kuwa da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ashe ke nan bango guda ya haɗa magini da marini da majemi da manomi. A ciki kuma akwai ilimin azara, da bakan gizo, da ɗaurin guga, wanda ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830.

Har wa yau, kuskure ne a ɗauka cewa zanen abu ne tsayayye da ba ya karɓar baƙo. Lokacin da A. H. M. Kirk-Greene ya yi nazarin gidajen Zariya a littafinsa Decorated Houses in a Northern City na 1963, fuskokin gidajen birnin suna ɗauke da siffofin zamani irin su keke da mota, kafaɗa da kafaɗa da dagi. Maginan wancan lokaci ba su ji tsoron sabon abu ba, domin hannun da ke zanen nasu ne. Saboda haka ba za a soki farfaɗowar yau don ta kawo siminti ko sabon launi ba. Abin tambaya shi ne wanda ke riƙe da aikin, da wanda ke cin moriyarsa.

4.0 Farfaɗowa Iri Uku

Iri na farko shi ne na adanawa. Misalinsa Gidan Tarihin Gine-ginen Gargajiya da ke Jos, wanda masanin nan ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara, inda aka sake gina kwafin masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano. Amfanin wannan ga mai nazari ba ƙarami ba ne. Rauninsa shi ne, ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓen shekara-shekara na masu zama cikinsa, kuma gidan tarihi ba shi da mazauna.

Iri na biyu shi ne na ado, kuma shi ya fi yawa a yau. Ana ɗauko dagi da zankwaye daga hoto, a tsara su a kwamfuta, a zuba su a siminti ko katako, a manna a bangon bulo. Zanko, wanda a ginin soro yake da gurbinsa a kusurwar rufi, sai ga shi a kan katangar gidan kwano. A irin wannan aiki da wuya a ji sunan magini, balle a ga ladansa. Nan ne kamanninsa da tiki suka fi fitowa.

Iri na uku ya zo daga Jamhuriyar Nijar. A garin Yama na yankin Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa, aka kammala a 2018, kuma an gayyato maginan gargajiya cikin aikin. A nan mai digiri da mai tubali sun zauna kan tabarma ɗaya. Wannan ne ya cika sunan farfaɗowa.

5.0 Ma'aunin Ƙofa

Idan ana son sanin wace irin farfaɗowa ake yi, ba a babban birni za a duba ba, sai a ƙauye irin Ƙofa. A irin waɗannan ƙauyuka ginin ƙasa bai zama kayan tarihi ba tukuna. Ana gina rumbu, ana ɗaga katanga, ana yaɓe kafin damina. Amma mai hali in ya tashi gini bulo da kwano yake saye, domin ana ɗaukar gidan ƙasa alamar rashi. Ɗan magini kuwa, in ya ga sana'ar mahaifinsa ba ta ciyarwa, ba zai tsaya koyonta ba. Abin mamaki, zanen da ɗan birni ke biyan kuɗi mai yawa a manna masa, shi ne ɗan ƙauye ke jin kunyar a gani a zaurensa. Muddin kuɗin bai isa ga mai ilimin ba, to, ana yabon fura ne ana mantawa da mai daka.

Lamarin ya wuce ado. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Tsofaffin gine-gine suna buƙatar masu sanin halin ƙasa da azara, kuma ba a samun irinsu daga hoto.

6.0 Kammalawa

Abin da ya kamaci masu farfaɗowa a fili yake. A ambaci sunan magini a kan aikinsa kamar yadda ake ambaton mai zane. Sassan nazarin gine-gine da na Hausa a jami'o'i su tura ɗalibai ƙauyuka su rubuta kalmomin sana'ar da hanyoyinta daga bakin masu ita. Hukumomi kuma su ba maginan gargajiya aikin gaske, kamar ɗakin karatu ko zauren taro, domin a daina kallon ginin ƙasa a matsayin na matalauta. Masu tiki sun yi wa kwaikwayo hidima har ya sake rayuwa. Masu zanen Hausa kuwa asalin ne a hannunsu, kuma masu shi suna nan da ransu.